Ƙafar Nivaldo da Muryar Ademir

Nivaldo Pimenta mai cuku ne a babbar kasuwar Belo Horizonte, kuma da mutane sun ƙyale shi, da a mai cuku zai ƙare rayuwarsa hankali kwance. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, sanƙo ya cinye gashin nan da a da yake sauka har gadon bayansa. Idan mai saye ya zo, ba ya yanka masa ɗanɗano sai ya fara ƙwanƙwasa curin da yatsu biyu, ya kara kunne, sannan ya ce wannan da saura, wancan ya yi. Matan unguwa sun fi yarda da kunnensa a kan harshensu.

A 'yan shekarun nan sai wasu irin baƙi suka fara tsayawa a gaban rumfarsa, waɗanda ko kallon cuku ba sa yi. Samari da 'yan mata ne cikin baƙaƙen riguna, wasu daga São Paulo, wasu daga Jamus, har da wani ɗan Japan da ya zo da tafinta. Kowa da tsohon faifai a hammata, yana ta russunawa. Sa hannu a bangon faifai bai dami Nivaldo ba. Abin da ke tsinka masa zuciya shi ne in an gama, sai su leƙa ƙarƙashin teburi su roƙi izinin ɗaukar hoton ƙafarsa ta dama.

"Maigida Nivaldo, ka riƙa wanke ta dai, tunda ta zama ta jama'a," in ji mai barkonon da ke rumfar kusa. "Ko mu yanke ta a kai gidan tarihi, ka huta?"

Nivaldo yakan yi yaƙe ya ci gaba da goge wuƙarsa. Shi ya san abin da ba su sani ba. Ƙafar nan ba ta taɓa yin abin da ake yaba mata ba.

A ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da kowane gareji a unguwar Santa Tereza yake da samarinsa masu dogon gashi da ke hana maƙwabta barcin rana, su uku ne a ƙungiyar da suka sa wa suna Bakin Rami. Kiɗan nan mai gudu da hargowa da ake kira thrash suke yi, wani reshe na abin da suke ce wa kiɗan ƙarfe. Nivaldo ne a kan ganguna, har da babbar da ake bugawa da ƙafa, Gilmar a kan jita, sai Ademir da ke waƙa. Ademir dogo ne siriri, amma Allah ya ba shi murya mai kauri, wadda in ya kira ka daga bakin titi kare sai ya shige ƙarƙashin gado. Saboda muryar nan ake zuwa kallonsu, su biyun kuwa sun san rakiya suke yi.

Da za su yi faifansu, Jar Ƙasa, sai suka samu wani ɗan situdiyo a bayan shagon walda, inda ake ɗaukar tallan sabulu da waƙoƙin coci. Injin wurin ya tsufa, bel ɗinsa ya saki, yana jan tef a hankali ƙasa da ƙa'ida. Ba wanda ya lura, domin a kan injin nan dai suka saurari abin da suka ɗauka, suka ji komai daidai, suka rungumi juna. Aka aika tef ɗin São Paulo, inda injuna ke gudu yadda ya kamata. Da faifan ya dawo, sai ga kiɗa yana gudu kamar an biyo shi da sanda, muryar Ademir kuma ta tsuke ta koma tsiwa.

Garin nan ba shi da tausayi. Ranar Asabar, a gaban shagon faifai inda masu dogon gashi ke taruwa, da an hango Ademir sai a fara yi masa kukan sauro da baki. Sunan ya bi shi: Sauro. Ya yi bayani har ya gaji, ba wanda ya saurara, don dariya ta fi bayani daɗi. Ya aske kansa, ya kama aiki a ma'adinar ƙarfe, bai ƙara riƙe makirufo ba. Bayan 'yan shekaru babur ya kashe shi a hanyar Ouro Preto. Ragowar faya-fayan kuwa mahaifiyar Gilmar ta riƙa ɗora tukwanen furanni a kansu.

Shekara talatin da wani abu suka wuce, sai wani ya ɗora faifan a intanet, abu ya tashi. Masu rubutu a kan kiɗa a ƙasashen waje suka ce an zalunci Jar Ƙasa, wai ya riga zamaninsa. Suka ce muryar ba ta mutum ba ce, ihun fatalwa ce. Suka ce makaɗin ya yi da ƙafa ɗaya abin da manya ba sa iyawa da biyu. Mutanen da suka yi kukan sauron nan da bakinsu, yau su ne da furfurarsu suke rantsuwa cewa tun ranar farko sun gane faifan ba na wasa ba ne. Ni dai ban ga abin da ya fi wannan rashin kunya ba.

Nivaldo bai taɓa cewa ya yi gudun nan ba, bai kuma taɓa cewa bai yi ba. Kada a yi ƙarya, abin ya yi masa daɗi. Mutumin da ya tsufa ana ce masa "ƙara min kaɗan" sai ga shi ana kiransa gwanin duniya, 'ya'yansa na nuna wa abokansu hotonsa a waya. Daɗin ya shige shi har ƙashi, tsoro kuma ya biyo baya ya zauna kusa da shi.

Ana cikin haka Gilmar, wanda yanzu tasi yake ja, ya faɗo rumfar yana haki.

"Mutumina, rufe shagon nan! Jamusawa za su sake buga faifan daga tef na asali, kuma suna so mu hau dandamali. Mu fa! Ni da kai!"

"Mu hau mu buga me?"

"Mu buga faifan mana, ko cuku za mu buga?"

"Da wane gudun, Gilmar?"

Gilmar ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ka je ka yi atisaye. Kuma kai dai ka yi shiru, ai shi ne aikin da ka fi ƙwarewa a kai."

Ya yi atisayen. Duk Lahadi bayan coci yakan shiga garejin surukinsa, ya sa faifan a kunne, ya bi yaron nan da bai taɓa wanzuwa ba. Kafin waƙar farko ta kai rabi ƙafar ta sare. Gwiwarsa ta kumbura ta yi kamar gwanda, matarsa Cleusa na ɗaure masa ƙanƙara tana masifa, tana tambayar ko wa yake bin sa da gudu a wannan shekarun. Bai gaya mata ba. Ko ita ba ta sani ba.

Tef ɗin na asali yana hannun Dona Zulmira, mahaifiyar Ademir, cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Tun ranar da aka binne ɗanta, Nivaldo bai taɓa fashin kai mata cuku ranar Asabar ba. Ta haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kunne da baki suna nan daram. Sau ɗaya tak ta taɓa jin faifan, ta ɗaga allurar da hannunta ta ce wannan ba ɗanta ba ne, kada a ƙara sa mata shi a gida. Ba inda kuma aka taɓa ɗaukar muryar Ademir sai a wannan tef ɗin.

Ranar da ya je yi mata maganar tef ɗin, ta zuba masa kofi, ta daɗe tana juya cokali.

"Ɗana, fuskarsa tana nan a bango, ina ganinta. Muryar ce ta tafi. In na kwanta ina nemanta a kaina, sai in ji ta ubansa, ko ta mai gyaran famfo. Uwa ta manta muryar ɗanta, ka taɓa jin wannan abin kunya?"

Nivaldo ya ajiye kofinsa. Ya ce mata kawai Jamusawa na son gwangwanin.

"Inda gwangwanin nan zai je, da ni za a je," in ji ta.

Haka kuwa aka yi. Gilmar ya ɗauke su a tasinsa, tsohuwa a gaba da gwangwani a cinya ta dafe shi da hannu biyu. Wadda Jamusawa suka ba aikin kwafe tef ɗin wata mace ce, Jussara, mai gilashi da ƙarancin magana, wadda sana'arta ke nan ceto tsofaffin tef. Ta buɗe gwangwanin, ta sansana, ta taɓa gefen tef ɗin da ɗan yatsa, fuskarta ta canza.

"Ya sha danshi, ya manne. In na ɗora shi haka, injin zai kankare shi tas. Sai an gasa shi tukuna."

"A gasa me?" Dona Zulmira ta janye gwangwanin. "Uwa Maryamu! 'Yar nan, kin ɗauka burodin cuku ne?"

"Ɗumi ne kaɗan, Dona Zulmira, a ɗan tanderun busar da 'ya'yan itace. Amma ba zan ɓoye miki ba. Ko bayan an gasa, mai yiwuwa sau ɗaya zai yarda ya juya. In ya tsinke ko ya zube a hanya, shi ke nan."

Tsohuwar ta juya wajen Nivaldo. Shi kuwa a ransa wani mugun tunani ya gilma, cewa in tef ɗin ya lalace kowa ya huta. Ya tsani kansa a kan tunanin, amma tunanin bai tafi ba. Ya ce mata ta ba da. Ta ba da, ta ja kujera gaban tanderun, ta fito da carbinta, ta wuni a nan tana leƙen gilashinsa.

Washegari da rana suka dawo. Jussara ta ɗora tef ɗin a kan inji, ta ce kada wanda ya yi ko tari. Ta rage lasifika ƙasa sosai, ta danna. Tef ya fara juyawa yana zubar da wani gari ja-ja a kan farin ƙyallen da ta shimfiɗa, kwamfuta na kwashe abin da ke fitowa. A tsakiya ya yi wata ƙara, ya ɗan turje. Gilmar ya damƙi hannun kujera, leɓen tsohuwar na motsi ba sauti. Jussara ta sa ɗan yatsa ta taimaka wa faifan tef ɗin a hankali har ya wuce wurin. Da wutsiyar ta fita tana kaɗawa, rigar Nivaldo ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Mun samu," in ji Jussara.

Gilmar ya yi ihu, ya sumbaci sanƙon Nivaldo. Amma Jussara ba ta yi murmushi ba. Ta sa abin ji a kunne, ta koma farkon waƙa ta uku, ta saurara, ta sake komawa.

"Wa ya ɗaure jitar nan?"

"Ni," in ji Gilmar. "Da matsala?"

"Ba ta zauna a kan kowane sauti ba, tana tsakani. Sannan a nan, kafin ku fara, akwai ƙararrawar coci daga nesa. A unguwar da kuka ɗauki wannan na girma, ita ke tashe ni zuwa makaranta. Ba haka take magana ba. Wannan kamar ta keke."

"Salonmu ne, 'yar'uwa. Haka muka so shi."

"Har ƙararrawar coci kuka sa wa salo?" Ta cire gilashinta. "Injin da ya ɗauki wannan ya yi nawa, shi ya sa komai ya ƙara gudu. Zan iya mayar da shi yadda aka buga. Sai dai ƙararrawar ta yi nisa, ba zan iya aunawa da ita ba. Wanda ya buga ne kaɗai zai ce min ga inda zan tsaya. In kuma na gyara, zan gaya wa kamfani, za a rubuta a bangon faifai. Ba na sa sunana a kan ɓoye-ɓoye. In kun ce a bar shi, in miƙa shi yadda yake, ba ruwana."

"A bar shi," in ji Gilmar da sauri.

Jussara ba shi take kallo ba.

"Me take cewa?" Dona Zulmira ta tambaya.

"Ba komai, Dona Zulmira, maganar inji ce."

"Ba kai na tambaya ba, sarkin surutu. Nivaldo, me 'yar nan ke cewa?"

Gilmar ya matso har numfashinsa na dukan kunnen Nivaldo. "Kada ka kuskura. Shekara nawa muna cin ƙasa? Yanzu da aka fara ganinmu mutane? In aka rage gudun nan, mu ba kowa ba ne, ƙungiyar gareji ce irin ɗari da ke garin nan. Kai kuma tsohon mai cuku da ya bari ana ɗaukar hoton ƙafarsa a banza. Wallahi sai sun yi mana dariyar da ta fi ta da. Ademir ya tafi, ba abin da zai ƙara masa."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma Nivaldo ya sani. Ya hango mai barkono, ya hango 'ya'yansa da wayoyinsu, ya hango ɗan Japan ɗin nan da ya yi ƙwalla a gaban rumfa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka kira shi asibiti a kan Ademir. Gwiwarsa na zafi kamar an zuba garwashi. Tsohuwar tana nan ta juyo da fuskarta wajensa, da gwangwanin da ba komai a ciki a kan cinyarta.

"Sa waƙa ta uku," ya ce. Ya dubi Jussara. "Ɗaga lasifikar."

Kiɗan ya fashe a ɗakin, da gudun nan da duniya ta sani, da tsiwar nan. Dona Zulmira ta toshe kunne ɗaya ta kawar da kai.

"Rage," in ji Nivaldo.

Jussara ta murɗa kaɗan.

"Nivaldo, don girman Allah," in ji Gilmar.

"Ƙara ragewa."

Ya ajiye tafin ƙafarsa ta dama a ƙasa, ya rufe ido, ya bar ta ta nemi wurinta. Ta bi kiɗan tana tuntuɓe, har yanzu ya fi ƙarfinta. A nan, in ya tsaya, zai tsira da rabin sunansa, har yanzu za a ce makaɗin ya yi gudu. Jussara ta ɗago ido tana jira. Ya ji yadda kalmar "ya isa" ta zo har bakinsa.

"Da saura," ya ce. "Ƙara."

Gilmar ya shuri kujera, ya ɗauki makullin motarsa, ya nufi ƙofa. "Ka kashe mu, ɗan cuku. Ka kashe mu da hannunka."

Jitar ta yi nauyi, ta buɗe. Gangunan suka daina gudu suka fara takawa. Sai ƙafar Nivaldo ta faɗa cikin kiɗan daram, ba ja ba turawa, kamar ta shiga tsohon takalminta.

"Nan," ya ce. "Tsaya nan."

Jussara ta mayar da waƙar zuwa farkonta. Ƙararrawar coci ta buga daga nesa da muryarta ta gaskiya. Aka ji wani ya ja hanci kusa da makirufo, sannan Ademir ya buɗe baki.

Muryar ta cika ɗakin tun daga ƙasa, mai kauri, mai gurnani, har gilashin taga na rawa. Nivaldo ya manta cewa haka take. Ya yi zaton yana tune da ita, ashe shi ma tsiwar faifan ce ta maye masa gurbinta shekara da shekaru. Makaɗin da ke bayanta kuwa ba gwanin duniya ba ne. Yaro ne mai ƙoƙari, yana ɗan makara a wasu wurare, yana bin abokinsa iya ƙarfinsa.

Dona Zulmira ta sauke hannu daga kunnenta. Ba ta yi kuka ba. Ta karkata kai, ta haɗe gira, tana saurare irin na uwar da ta ji motsi a ɗakin yara. Da aka gama baiti na farko, sai ta gyaɗa kai.

"Mura yake yi," ta ce.

Duk suka juyo suna kallonta.

"Ku ji hancinsa a toshe. Na ce masa ya sa rigar sanyi ranar nan, ya ce min masu kiɗan ƙarfe ba sa sa rigar da uwa ta saƙa. Ja'iri. Ga shi nan kuwa."

Nivaldo ya tuna. Da safen ranar an yi yayyafi, Ademir ya zo da takardar goge hanci cike da aljihu, yana shan shayin citta tsakanin waƙa da waƙa yana zagin kowa. Duk masu rubutun nan na duniya ba wanda ya ji wannan, shi kansa da yake zaune a bayansa ya manta. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Gilmar yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙi. Bai fita ba, bai kuma dawo ya zauna ba. Yana kallon bango, muƙamuƙinsa na motsi.

"Za su soke wasan," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

"Na sani," in ji Nivaldo.

"Ku yi min shiru, ku biyun," in ji Dona Zulmira. "Yaro yana waƙa." Ta miƙa hannu ta laluba har ta kama hannun rigar Jussara. "'Yar nan, in ya gama, a mayar min da shi daga farko. Daga wurin da ya ja hanci."

Jussara ta ce to. A ƙarƙashin kujera ƙafar Nivaldo na ci gaba da bugawa, kuma gwiwar ba ta yi masa ciwo ba.